Ɗakin halwa a cikin kurmi: yaya zan hana damshi cin gindin bangon?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magina da duk wanda ya saba da ginin ƙasa.

Muna da gona a kudancin Kaduna da ɗan kurmi a gefenta, ina so in gina ɗaki guda a ciki don halwa da zikiri, nesa da hayaniya. Ba na son bulo da kwano, saboda zafi da ƙarar ruwan sama. Tsarina tubali ne, rufin azara ta giginya tunda gara ba ta cika cin ta ba, sai yaɓen makuba daga kwasfar ɗorawa.

Inda na maƙale shi ne damshi. Nan ba kamar Kano ba ne, damina takan kama tun Afrilu har Oktoba, kuma a inuwar itatuwa bango ba ya samun ranar bushewa. Ɗan katangar gwaji da muka ɗaga, gindinta ya fara zagwanyewa tun kafin Agusta. Maginin ya ce a sare itatuwan kusa, ni kuwa don su na zaɓi wurin.

Shin idan na ɗora bangon a kan harsashin dutse, tsayi nawa zai isa? Ko in haƙura da soro in yi jinka mai dogon baki da za ta kare bango? Akwai kuma batun sola, don ganye ya rufe sama. In kafa faifan a fili in ja waya, ba za a yi asarar wuta ba?

Allah Ya saka da alheri.