Neman shawara: an ce ruwa ya taru a ƙwaƙwalwar Babanmu, me ke jawo shi?

Assalamu alaikum 'yan zango. Daga Aboabo, a Kumasi, nake rubutu. Babanmu ya haura 70, tsohon direban babbar mota ne. Tun bara tafiyarsa ta canza: yana ware ƙafa, yana jan ta kamar an liƙa ta a ƙasa, in zai juya a ƙofar masallaci sai ya yi taku-taku kafin ya gama. Daga baya fitsari ya fara kufce masa, yanzu ga mantuwa, sai ya tambayi abu ɗaya sau da yawa. An ɗauki hoton kai, likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa, amma ba mai matsi sosai ba. Gwaggonmu ta dage jifa ne, yayanmu ya ce tsufa ne kawai, a bar tsoho ya huta. Don Allah me ke kawo wannan ciwon?

Nas, Asawase: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kowa yana da wannan ruwan. Jiki na samar da kusan rabin lita a rana, ya zagaya ƙwaƙwalwa da laka, jini ya tsotse shi. In tsotsewar ta yi rauni, sai ramukan cikin ƙwaƙwalwa su faɗaɗa a hankali, su danne hanyoyin da ke kula da tafiya da riƙe fitsari. Wani likita ɗan Kolombiya, Salomon Hakim, shi da Raymond Adams suka bayyana ciwon a 1965 da alamun nan uku da kika lissafa, kuma tafiya ce yawanci ke fara lalacewa.

Dalili kashi biyu ne. Akwai wanda ke biyo bayan wani abu: buguwa a kai, zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa, sanƙarau, ƙari, ko tiyatar kai. Waɗannan kan bar tabo a inda ruwan ke tsotsewa, kuma alamun na iya jinkiri har a manta da abin. Na biyu, wanda ya fi yawa ga waɗanda suka wuce 60, ba a gano musabbabinsa sam. An dai lura yana yawan haɗuwa da hawan jini da ciwon sukari. Ki zauna da Mama ki tono tarihi. Direba ne fa. Ya taɓa haɗari? Ya taɓa suma bayan faɗuwa? Ya yi sanƙarau lokacin da yake zirga-zirgar arewa da rani?

Mai tambaya: Kai, kin tuna mini. Mota ta taɓa kifewa da shi a hanyar Tamale, an yi masa ɗinki a ƙeya. Amma an daɗe ƙwarai.

Nas, Asawase: Ki faɗa wa likita, shi zai auna. Kada dai ki yanke cewa haɗarin ne ya jawo.

Malam, Tafo: 'Yata, addu'a da rubutu ba su hana zuwa asibiti. Ku bi Gwaggo a hankali, tsoro ne ke sa ta. Sai dai kada a yi ta ɗura wa dattijo jiƙe-jiƙe, ga shi fitsari ma yana ba shi wuya.

Ɗan Nima: Ni fa ina ga mafitsara ce. Tsofaffi maza da yawa haka suke. A duba can tukuna kafin a taɓa kan mutum.

Maman 'yan biyu: Ɗan Nima, mafitsara ba ta sa ƙafa ta maƙale a ƙasa. A duba ta, babu laifi, amma hoto ya riga ya nuna abu. Surukata muka yi ta kaiwa asibiti ana cewa ruɗewar tsufa ce, har ta daina zuwa suna da biki saboda kunyar zane ya jiƙe. Abin da ya raba gardama shi ne gwajin da suka yi: suka sa ta tafiya suna duba agogo, suka zuƙi ruwa kaɗan ta ƙashin baya, suka sake sa ta tafiya. Wallahi da idona na ga tana ɗaga ƙafa. Nan suka yarda a sa mata siririn bututu da ke kai ruwan daga kai zuwa ciki, a ƙarƙashin fata. Tafiya ta gyaru, fitsari ya yi sauƙi, mantuwar ce ba ta tafi duka ba.

Nas, Asawase: Haka ne, kuma ba kowa aikin ke yi wa amfani ba. Bututun na iya toshewa ko ya kawo cuta, ga shi ciwon yana kama da Parkinson (ciwon karkarwa) da Alzheimer (ciwon mantuwa), wani lokaci ma tare suke zuwa. Ku nemi a tura ku wajen likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ku tafi da hoton da duk magungunan da yake sha. Ki ɗauki bidiyon tafiyarsa a waya. In ya faɗi ya bugu, ko barci ya yi masa yawa, ko amai da ciwon kai suka taso, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tura wa Yaya duk wannan, ya ce zai nemo mota ranar Litinin. Gwaggo kuma na bar wa Malam, in zai yarda ya kira ta.