Tambaya kan tsofaffin madubin hangen taurari masu ƙwayar gilashi

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Na ga hoton duniyar Zuhal da zobensa wanda aka ɗauka da madubin cibiyar nazarin taurari ta Yerkes da ke Amurka, mai faɗin santimita 102, da aka buɗe a 1897. Me ya sa tsohon madubi irin wannan yake fitar da duniyoyi sarai haka?

Malamin Zango:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sirrin yana cikin tsawon bututunsa, wanda ya kai kusan mita 19, domin tsawon ne yake girmama surar duniyar, sannan babu ƙaramin madubi a tsakiya da zai tare haske kamar yadda yake a wasu madubin hangen taurari. Da irinsa na cibiyar Lick a Amurka, mai santimita 91, masanin taurari Barnard ya gano wata na biyar da ke kewaya duniyar Mushtari a 1892, ta hanyar leƙa madubin da ido kawai, ba da hoto ba. Aibinsa shi ne gilashi yana rarraba launuka, har a ga shuɗi-shuɗi a gefen duniyar, shi ya sa masu ɗaukar hoto suke sa matatar haske ruwan ɗorawa ko ja.

Hajiya ta Sabon Gari:
Malam ya yi bayani, amma iska ma tana da nata. A yau bidiyo ake ɗauka, kwamfuta ta zaɓi hotunan da iska ba ta girgiza ba, ta haɗa su. Mu nan Damagaram, bayan damina sararin sama ya fi haske, kafin hazon hunturu ya rufe shi.

Ɗan Birni:
Na gode, Allah ya ƙara sani.