Waɗanda suka taɓa yi wa marayu hidima a Sakkwato, me kuka gani?

Wani matashi daga Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Ni da wasu abokaina mun yanke shawarar ba da wani ɓangare na lokacinmu ga marayu a nan cikin garin Sakkwato, amma kafin mu tara kuɗi mu nufi wani gida da buhunan shinkafa, muna so mu ji ta bakin iyayenmu da yayyenmu waɗanda suka riga mu shiga wannan hidima. Falalar aikin mun san ta tun muna makarantar allo. Abin da muke nema shi ne labarin abin da kuka tarar, mai daɗi da marar daɗi.

Wata malamar firamare daga Mabera:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka, ƙanena. Na daɗe ina zuwa wani gidan marayu a ranakun Asabar domin koya wa yara karatun Hausa da lissafi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda shekarar gidan ta kasu gida biyu. A watan azumi da kwanakin Sallah motoci ba sa yankewa a ƙofar, ɗakin ajiya yana cika da shinkafa da taliya da sukari har a rasa wurin sa ƙafa. Da an gama bikin Babbar Sallah kuwa sai wurin ya yi tsit, kuma a lokacin ne ake neman sabulu, da takalman makaranta, da audugar 'yan mata, da kuɗin littattafan sabon zango, a rasa mai kawowa.

Yaran sun ƙware wajen tarbar baƙi. Suna jin ƙarar mota za su yi layi, su rera waƙar maraba, a ɗauki hoto, baƙi su tafi. Wannan ƙwarewa ba ta taɓa burge ni ba, domin yaron da ya saba ganin fuskoki suna zuwa suna ɓacewa yakan daina sakin jiki da kowa. Akwai wata yarinya da ta yi watanni ba ta amsa tambayata a aji, sai da ta tabbatar Asabar ba ta wuce ni, sannan ta fara kawo mini littafinta da kanta. Game da hoto kuma ina roƙonku ku kiyaye, domin na ga yaron da 'yan ajinsu suka riƙa yi masa gori bayan an ga fuskarsa a Facebook yana riƙe da ledar kayan Sallah.

Wani ma'aikacin jinya daga Gawon Nama:

Na goyi bayan Malama, zan kuma ƙara da ɓangaren lafiya, wanda shi ne nake taimakawa da shi idan na tashi daga aiki. Cutar yara a garin nan tana bin yanayi ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, matsalar ita ce ruwa da cunkoson ɗaki, ga fargabar sanƙarau. Na sha tarar da masu reno suna lissafin jarka nawa za su iya saya daga 'yan ga-ruwa a ranar, saboda babu wutar da za ta tayar da famfon burtsatse, sai wanka ya koma na kwana bibbiyu, ƙuraje da ƙazuwa su biyo baya. Idan damina ta kankama a watan Agusta da Satumba zazzaɓin cizon sauro ne ke kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma gidan sauro da aka raba bara yawanci ya yage. Da hunturu kuma tari da mura ne, da fasowar ƙafa.

Idan za ku koyi abu guda, ku koyi amfani da ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan awon ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma asibiti za a nufa ba tare da jiran gobe ba. Ku riƙa duba bakin yara ma. Dasashin da ke zubar da jini yana wari a jikin yaron da ya rame, musamman bayan ƙyanda, yana iya zama farkon cutar noma mai cin fuska, kuma Allah ya sa muna da asibiti na musamman domin ita a nan Sakkwato. Idan aka kai yaro da wuri magani kan tsayar da ita.

Wata dattijuwa daga Ƙofar Rini:

Ɗana, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma ni zan karkatar da kai daga gidan marayu gaba ɗaya. Mafi yawan marayun da na sani ba su taɓa kwana a irin wannan gida ba, suna nan cikin lungunanmu a ɗakunan iyayensu mata, ko a hannun kaka wadda ita kanta tana bukatar mai dubawa. Mace ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, masu ta'aziyya sun watse, dangin miji sun raba abin da za a raba, sai ta waiwaya ta ga yara biyar da tukunya babu komai. Daga nan ne ake cire babbar 'yar daga makaranta a ɗora mata tallan fura, namijin kuma ya koma dako a kasuwa.

Mu matan unguwa adashi muke yi, kuma mun ware kwasa ɗaya domin irin waɗannan mata. Ba ma ba su dafaffe. Wata mun saya mata buhun gyaɗa ta fara ƙuli-ƙuli da mai, wata mun haɗa mata kuɗin injin markaɗe, da sharaɗin cewa yara za su ci gaba da zuwa makaranta, kuma muna leƙawa mu gani. Ba duka ne suka yi nasara ba, akwai wadda rashin lafiyar ɗanta ya cinye jarin cikin wata guda, muka sake haɗa mata. Waɗanda lamarinsu ya fi ƙarfinmu mukan kai sunayensu Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta hannun mai unguwa, sai dai masu nema suna da yawa, dole a yi haƙuri a riƙa bibiya.

Wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni mutumin gabashin jihar ne, kuma yaran da nake koyarwa da yamma 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka kashe ne a ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Goronyo, suna zaune da iyayensu mata a kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba a bayan gari. Ba sa cikin rajistar kowa. Wasunsu da sun ji babura biyu ko uku sun taho tare sai su watsar da allo su nemi wurin ɓuya, saboda haka na daina zuwa da abokai a kan babur, da ƙafa muke ƙarasawa. Babbar wahalar da na sha ita ce ta takardu, domin an gudo an bar komai. Sai an samo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan a bi layin lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Aiki ne na zirga-zirga da tsayuwa a rana, ba ya yin kyau a hoto, amma ku matasa ne kuka fi kowa iya shi.

Wani malamin Islamiyya daga Arkilla:

Taƙaitaccen jan hankali daga abin da na gani a sulhun da aka sha kira na. Wanda ya ɗauki maraya ya bar masa sunan mahaifinsa, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta. Duk kuɗin da aka tara da sunan yara a rubuta shi a littafi, mutum biyu su sa hannu, domin mafi yawan ƙungiyoyin da na ga sun watse zargin kuɗi ne ya watsa su. Kuma ku samari ne, kada ku shiga gidan gwauruwa ko sashen 'yan mata ba tare da mace babba ba.

Dattijuwar Ƙofar Rini ta ƙara da cewa:

Malam ya yi gaskiya. Ɗana, ku fara da gida uku kacal a unguwarku ta Runjin Sambo, ku sanar da mai unguwa da limami, ku nemi goggonku ko yayarku ta riƙa shiga gaba. Ku tambayi uwar yaran abin da take bukata kafin ku sayi komai, kuma ku gaya mata ranar da za ku dawo tun kafin ku fita daga zauren.