Shawarwari kan rubuta labarin soyayya na Ingila ta ƙarni na 19

Marubutan da suka tattauna kan labaran soyayya da ake ginawa a Ingila ta ƙarni na 19 sun fi daɗewa a kan batun doka, domin a ganinsu sha'awar jarumar labari ba ta da nauyi sai mai karatu ya san abin da za ta rasa idan asirinta ya tonu. Kafin 1857, saki mai ba da damar sake aure yana bukatar doka ta musamman daga majalisa. Ko bayan gyaran dokar saki da aka yi a 1857, miji yana iya rabuwa da matarsa saboda zina kaɗai, ita kuwa sai ta ƙara da hujjar azabtarwa, ko ƙaurace mata, ko wani laifi mai muni, kuma ba a daidaita su ba sai 1923. Dukiyarta ma tana hannun mijin har dokokin 1870 da 1882 suka sassauta lamarin. An kawo misalin Caroline Norton, wadda mijinta ya raba ta da 'ya'yanta, ta yi ta gwagwarmaya har aka yi dokar riƙon yara ta 1839.

Shawara ta biyu, wadda na fi gamsuwa da ita, ita ce kada a sa wa jarumar bakin matan yau, a bar ta ta yi tunani da tsoron zamaninta, amma ta zama mai so, ba wadda ake so kawai ba. Kan yawan bayyana kusancin masoya an saɓa, ko da yake mafi yawa sun fifita kallo, da rawa, da wasiƙar sirri.