Musayar waƙa: Turanci da sauran harsuna, wanne ya fi ba da wuya?

Ɗan Ƙofar Mata:

Salamu alaikum 'yan uwa. Sakamakon WAEC ya fito, gidanmu ba a yi murna ba. Ga baitocina, ƙwar huɗu ne, babban amsa-amo "ci". Wanda zai amsa ya riƙe shi, kar a sauya mana.

Bismillahi da shi nake farawa,
Sarkin da ya hore mana furtawa,
Salati ga Manzo ba na mantawa,
Yau ƙara na kawo a kan Turanci.

Ƙanena lissafi ya cinye shi,
Kimiyya ma ba wanda ya kamo shi,
Gurbin jami'a na can yana jiran shi,
Sai darasi ɗaya ya jefa shi a ƙunci.

Baƙaƙe 26 suka ba mu,
Sautuka 44 ke jiran mu,
Abin da ido ya gani shi ke ruɗa mu,
Rubutu da furuci ba sa zumunci.

Wuƙa a Turance K ce a gabanta,
Ka zo faɗa a ce kar ka taɓa ta,
To wa ya gayyace ta, me ya kawo ta?
Harafi na zaune, ba aiki sai barci.

Though da through da tough ka duba su,
Da cough, wutsiya ɗaya ce gare su,
Amma huɗu ne hanyoyin faɗar su,
Ku gaya mini, wannan shi ne adalci?

Ni na yanke, mai ja sai ya fito,
Ya ɗau alƙalami shi ma ya rubuto,
Cikin harsunan da Allah ya halitto,
Babu mai kama ƙafarsa wajen ɗaci.

Almajirin Madabo:

Wa alaikumus salam. Na fito, malam, kuma da sauranka.

Ɗan uwa sannu, na ji kokenka,
Allah ya sanyaya zuciyar ƙanenka,
Amma taho zaure in nuna maka,
Inda ake gumi, a fagen Larabci.

Bature a tilo da jam'i ya tsaya,
Balarabe ya ƙara musanna, na abu biyu, a hanya,
Jam'in taksiri a haddace ɗaya-ɗaya,
Babu S ɗin da za ka liƙa don lalaci.

Ƙarshen kalma wasali ke juyawa,
Rufu'a, fataha, kisira na sauyawa,
Ka kuskure ɗaya, ma'ana sai kifewa,
Wanda aka zalunta ya zam mai zalunci.

Jaridar Masar ba wasali a ciki,
Nahawunka ne zai sa su, babban aiki,
Alfiyya baiti dubu, ba ta da sauƙi,
Ko da Ibn Malik ya tsara ta da inganci.

Kuma bayan duk wannan ka sauka Makka,
Direban tasi ya buɗe baki gabanka,
Ka kasa gane rabin abin da ya ce maka,
Na littafi da na titi akwai bambanci.

Hajiya 'Yar Kwari:

Ni ba mawaƙiya ba ce, atamfa nake sarowa daga ƙasar Sin. Amma kun sa ni dariya, bari in ɗan taɓa.

Ku 'ya'yana kun cika surutu,
Ku biyo ni Gwanzu ku ga rubutu,
Zane dubbai, hadda ba hutu,
Shi ne abacadar masu Sinanci.

Saye da sayarwa "mai" ne duka,
Murya kaɗai ke raba su a baka,
Ka karkata ta, ciniki ya kufce maka,
Da kalkuleta muke yin kasuwanci.

Aikatau ɗinsu dai ba ya canzawa,
Jiya da gobe siffa ɗaya yake tsayawa,
Kuma Turancin nan da kuke ta kushewa,
Shi ke cetona a otal da wurin abinci.

Malamin Sakandare, Gwale:

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ɗan Ƙofar Mata ya tambayi wanda ya gayyaci K. Tambayar tana da amsa, kuma a tarihi take. Ku yi haƙuri zan ɗan ja, sana'ata aka taɓa.

K ɗin nan da ka ce tana kwance,
Kakannin Bature da ita suke zance,
Baki ya yar, a takarda ta kasance,
Sawun furuci ne na wani lokaci.

A 1066 ne Normandawa,
Suka ci Ingila da yaƙi da ƙwacewa,
Fada da kotu sai ga su suna juyawa,
Shekaru aru-aru ana Faransanci.

Kalmomi dubbai suka shigo ta nan,
Ga na Latin da Girka, su ma suna nan,
Kowacce da rubutun gidansu ta zo nan,
Shi ya sa ƙa'idar ba ta da tabbaci.

Caxton ya kai injin ɗab'i Ingila,
A 1476, nan aka ƙulla matsala,
Rubutu ya soma daskarewa, tushen wahala,
Baki kuwa ya ci gaba da nasa fatauci.

Ta fannin nahawu kuwa ya sassauta,
Kujera ba mace ba ce, ba ya tanka ta,
Kai, ke da ku, kalma ɗaya ta wadata,
Jam'i galibi S ce, cikin aminci.

In da on da at ke ka da yara,
P da F kullum muna kan gyara,
Aji ya cika maƙil, ana ta ƙara,
Minti 40 ne rabon darasin Turanci.

Jarrabawar furuci ma a takarda ake yi,
Yaro ya zaɓi A ko B, shiru ake yi,
Bai taɓa jin sautin ba, canka yake yi,
An tashi, tun a ƙofa ya koma Kananci.

Ɗan Damagaram a Fagge:

Gaisuwa Malam, ni ɗan lakwal ne,
Na Damagaram, a Fagge nake zaune,
Mushe na koyar da Faransanci, bulala a hannu ne,
Da kun ɗanɗana da kun gode wa Turanci.

Rana a wurinmu mace ce, kun sani,
Can namiji ce, wata ne mace, ka gani,
Aikatau na sauya riga da kowane zamani,
Tamanin ma "ashirin huɗu" ce, ji wulaƙanci.

Ɗalibar Hausa, BUK:

Ina gaida iyaye da yayye. Ni ƙarama ce a nan, a yi mini afuwa in na shiga gaban manya.

Yayyena kowa ya tsallake gida,
Kun ɗauka Hausa ba ta da ƙa'ida,
Ku tambayi baƙo ya ba ku shaida,
Mu da muka sha a nono ba ma jin ɗaci.

Gida gidaje, kare kuwa karnuka,
Tudu tuddai, amma kwano kwanuka,
Ɗan koyo ya ce "gidoji", mu yi shewa duka,
Jam'in namu ya kamo ƙafar na Larabci.

Gari na tuwo da gari na zama,
Boko ya rubuta su iri ɗaya, ba alama,
Karin sauti da tsawon wasali sun ɓuya ma,
Mu ma rubutunmu na da nasa ha'inci.

Ga kakata can tana murmusawa,
Pullo ɗaya ne, Fulɓe in sun yi yawa,
Har farkon kalma ke rikiɗewa,
Rukunin suna ya haura 20 a Fulatanci.

Baba na Yakasai:

'Ya'yana, ni ke faɗa, jikata ke danna wayar, don ido ya yi rauni. Kowa ya kawo harshen da ya sha wuyarsa ya ce shi ne gwani. Ni ba nan na dosa ba.

A 1903 Nasara ya ci Kano,
A 1909 Baturen nan Ɗan Hausa, ku tuno,
Ya buɗe makaranta a Nasarawa, ku gano,
Da Hausa aka fara karatun, ba da Turanci.

Shi da ya zo daga nesa ya zauna,
Ya iya harshenmu har ya ci suna,
Gidansa na nan, ku je ku gani da rana,
Yanzu gidan tarihi ne mai muhimmanci.

Ku dubi yaron shago a Sabon Gari,
Daga Anaca ya zo, bai san "sannu" ba tun fari,
Kafin shekara ta kewayo yana ciniki da sauri,
Har zolaya yake yi da habaici.

Ba allo, ba WAEC, ba bulala,
Ya kuskure a gyara masa, ba matsala,
Kunne na sha kullum, baki na ƙulla,
Buƙata ce ta koya wa mabuƙaci.

Namu yaron kuwa in ya gwada a layi,
Abokai su ce "Bature!", dariya ake yi,
Ya kwaɓa ɗaya, shekara ana ta yi,
Sai ya kulle bakinsa don tsare mutunci.

Larabci kuwa tun yaye yake a kunne,
Kiran salla sau biyar, ga allo a jingine,
Sallamarmu da addu'armu daga can ne,
Shi ya sa wuyarsa ba ta zame mana ƙunci.

Ga matan gida da ba su je aji ba,
Suna fassara fim ɗin Indiya, ba a koya musu ba,
Kunne ne ya jiƙu, ba don ya fi sauƙi ba,
Wa ya taɓa zana jarrabawar Indiyanci?

Ɗan Ƙofar Mata:

Allah ya ja da ran Baba. Ba musu nake da babba ba, amma da sauran magana.

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya,
Na karɓi rabi, a rabi ina da jayayya,
Yaron shago ba a sa shi rubuta layi ɗaya,
Mu kuwa alƙalami ke yanke mana hukunci.

Buroka kam a Bata kowa ya iya,
Amma JAMB ba ta karɓar ta ko ɗaya,
Ina ɗan uwanmu da ya yi karatu a Turkiyya?
Fito da baitinka mu ji labarin Turkanci.