Abin da 'yan gem suka ce kan saitin goge gefen hoto

Hira ta ɓarke a wani shagon gem da ke Zoo Road kan tsinin nan mai kama da haƙoran zarto da ke fitowa a gefen wayar lantarki ko shinge cikin wasa, da saitin da ke goge shi, wato anti-aliasing, mai nau'o'i irin su SSAA, MSAA, FXAA da TAA.

Kan SSAA babu gardama: kyau kam ya fi kowa, amma a 4x kwamfuta tana zana ninki huɗu na ɗigon hoton. Mai laftop ta hannu daga Farm Centre, a zafin Afrilu, ya haƙura da shi kawai, in ba haka ba fanka ta yi ta kuka wasan yana sarƙewa. MSAA gefunan abubuwa kaɗai yake gyarawa, 2x ya wadatar. FXAA kusan kyauta ne, sai dai hoto yana ɗan dusashewa.

TAA aka fi jayayya a kai. Yana haɗa hoton yanzu da waɗanda suka gabata, ciyawa ta daina ƙyalƙyali, amma abu mai gudu yakan bar inuwa a bayansa. Ni dai a wasan harbi gara FXAA.

DLSS, fasahar Nvidia da ke ɗaga ingancin hoto tana kuma goge gefen, sai da katin hoto (graphics card) na RTX. Wanda ba shi da katin ya gwada FSR, takwararta ta kamfanin AMD.