Neman kalmar Hausa: inda ruwan dutse ke rabuwa da inda yake taruwa

Jama'a, sallama. Kwana uku ke nan da na jefa tambaya a kan yadda za a fassara kalmar Turanci watershed zuwa Hausa, kuma amsoshin sun yi yawan da ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Bari in tattara su, in faɗi inda na tsaya, wanda bai gamsu ba ya ja da ni.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, rabin masu amsa suna maganar layi, rabi suna maganar fili, kowa na ganin ɗan'uwansa bai fahimci kalmar ba. Alhali duk sun fahimta. Turancin ne ya zuba abu biyu a buhu ɗaya. A Ingila kalmar na nufin tudun da ke raba ruwan sama gida biyu, wannan ya bi nan, wancan ya bi can. A Amurka kuwa tana nufin duk faɗin ƙasar da ruwanta ke zuba a kogi guda. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci ko Larabci ba su san wannan ruɗani ba, domin a can kowanne da sunansa. To me zai sa mu gaji rikicin da ba namu ba? Kalma biyu muke nema.

Ku dubi rufin kwano ana ruwa. Ɗigo biyu za su faɗo kusa da juna a can sama inda ɓangarorin rufin suka haɗu, tazararsu ba ta kai yatsa ba. Ɗaya ya bi gaba, ɗaya ya bi baya, ba za su sake haɗuwa ba. Wannan layin na sama shi ne abu na farko. Kowane ɓangare na rufin, da duk ruwan da yake tarawa ya miƙa wa indararo, shi ne na biyu.

Mu fara da layin.

A jihar Montana ta Amurka akwai wani tsauni da ruwan da ya sauka a kansa ke rabuwa gida uku: wani ya nufi Tekun Fasifik, wani ya bi Misisipi zuwa mashigin tekun Meziko, wani ya yi arewa zuwa mashigin Hudson a Kanada. Kogin Neja kuma yana tasowa ne a tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika, amma da yake ya ɓullo a ɗaya gefen tudun, sai ya juya wa teku baya ya nufi Sahara, ya lanƙwasa wajen Tumbuktu, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya isa tekun da tun farko yana kusa da shi. Wannan ɗan tudun da ya yanke masa hukunci, shi muke nema wa suna.

Mutane da yawa sun ce mararrabar ruwa. Na so ta da farko. Amma mararraba wuri ne da hanya ɗaya ta zo ta rabu biyu, duk wanda ya ji zai ɗauka kogi ne ya tsage ya yi rassa. A nan kuwa ba a kai ga yin kogin ba tukuna. Iyakar ruwa ma ba ta yi ba, 'yan jarida sun riga sun ba ta aikin iyakar ƙasashe a teku.

Wani dattijo, tsohon malamin labarin ƙasa, ya ce a kira shi tozon ƙasa ko ƙololuwa, tunda ai ruwa daga wuri mafi tsayi yake rabuwa. Ranka ya daɗe, hoton ya yi kyau, amma da irin wannan zaton ƙasashe biyu suka kusa gwabza yaƙi. A 1881 Chile da Ajantina suka rattaba hannu cewa iyakarsu za ta bi ƙololuwa mafi tsayi na tsaunukan Andis waɗanda ke raba ruwa. Sun ɗauka abu ɗaya ne. Da masu awo suka isa kudu, yankin Patagoniya, sai suka tarar koguna suna tasowa gabas da manyan tsaunukan, su ratsa ta tsakaninsu su zuba a Fasifik. Ajantina ta ce a bi ƙololuwa, Chile ta ce a bi inda ruwa ya rabu, kowa ya zaɓi wanda ya fi ba shi ƙasa. Sai a 1902 Sarki Edward na Bakwai na Ingila ya raba gardama. Saboda haka kalmarmu kada ta yi alkawarin tsayi. Wani wurin tudun bai fi a taka shi ba a sani ba.

Inda na tsaya shi ne marabar ruwa. Ma- ta wuri, sai raba, kamar yadda muka samu mahaɗa da mashaya da madatsa. Ba sabuwar ƙira ba ce ma, muna cewa wane da wane ba su da maraba.

Wata 'yar'uwa mai aikin fassarar labarai ta ce za a karanta ta a matsayin marabar baƙo. Hajiya, a takarda sun yi kama, amma kunne na bambanta su, kuma ta baƙo da "da" take tafiya: maraba da ruwa daban, marabar ruwa daban. In ma wani ya yi tuntuɓe ya yi wa ruwa maraba, bai yi saɓo ba. Sai dai in roƙe ku abu guda ku masu fassara: in Bature ya ara kalmar ya yi maganar zaɓe ko juyin mulki, yana nufin lokacin da al'amura suka sauya alƙibla, kada a jawo mana marabar ruwa ciki. A ce an buɗe sabon babi, a wuce wurin.

Filin ne ya fi ba ni wahala.

Magudanar ruwa ita ta fi samun ƙuri'a, ita kuma na fara jefarwa. Bahaushe na jin ta sai ya ga kwalbati da kwata da shara ta toshe. Ba za a ɗora mata Kogin Amazon ba, wanda ƙasar da ke shayar da shi ta kusa murabba'in kilomita miliyan 7. Matattarar ruwa tana nuna inda ruwa ya kwanta, tafki ko bayan madatsa, mu kuwa inda ya fito muke nema. Kwarin kogi ya bar tsaunin a waje, alhali tsaunin ne uwa. Wasu sun bi sawun Faransanci da Larabci, waɗanda suka kamanta abin da mazubi, suka ce ƙwaryar kogi. Amma ƙwaryar birni tsakiyar birni ce, don haka mai karatu zai zaci tsakiyar kogi ake nufi, inda ya fi zurfi.

Mazurari ya daɗe a raina. Baki mai faɗi a sama, ƙaramar kafa a ƙasa, duk abin da aka zuba ta wuri ɗaya zai fita. Siffar ta dace ƙwarai. Abin da ya raba ni da shi, mazurari ba ya riƙe komai kuma ba ya ƙara komai, abin da ka zuba shi zai fito. Ƙasa ba haka take ba.

Ruwan da ya sauka a dajin kan dutse, ganye ne zai fara tare shi. Gansakuka da ruɓaɓɓen ganye su sha, saiwa ta buɗe masa hanya ya nitse, ya daɗe a ƙasa kafin ya ɓullo a matsayin marmaro, wani lokaci bayan watanni. Shi ya sa rafi ke gudu da rani ba a ga hadari ba. A sare dajin, ruwan shekara ya sauko a 'yan kwanaki, ja wur da ƙasar da ya kwaso, ya yi ambaliya a ƙasa, sannan rafin ya ƙafe. Kuma ba ruwa kaɗai ke saukowa ba. Mafi yawan lakar da Amazon ke ɗauke da ita daga Andis take. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ruwan Nilu da ke isa Masar daga tsaunukan Habasha yake, kuma baƙar lakar da ta ciyar da gonakin Fir'aunoni dubban shekaru ƙasar Habasha ce ruwa ya kwaso. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 lakar ke kwanciya a bayanta. Wani abin ma hawa yake yi. Kifin salmon yana girma a teku, ya dawo ya haura kogin da aka ƙyanƙyashe shi ya yi ƙwai ya mutu, namun daji su ja gawarsa cikin itatuwa, abincin teku ya zama takin dajin kan dutse.

Kalmar da na ga za ta ɗauki wannan kaya ita ce magangara. Magangarar Nilu, magangarar Amazon: duk ƙasar da in ruwa ya sauka a kanta, can zai gangara. Kalmar tana sa mai ji ya ga tudu da gangare, ya ga ƙasa, ba bututu ba. Kuma ana iya zama a cikinta, a yi noma, a yi kiwo, a binne kakanni.

Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Mutanen Hawai na da sukan yanka ƙasa ne daga kan dutse zuwa bakin teku, sau da yawa a bi rafi, don kowace al'umma ta samu katakon sama da gonar tsakiya da kifin ƙasa. Dutsen Kailash a Tibet, wanda kogunan Indus da Sutlej da Brahmaputra ke tasowa a kewayensa, mabiya addinai huɗu ne ke girmama shi, suna zagaya shi da ƙafa, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai. A 2017 majalisar Niyu Zilan ta ba Kogin Whanganui matsayin mutum a gaban shari'a, daga tsauni har teku, bisa yadda 'yan ƙabilar Mawori suka daɗe suna ɗaukarsa kakansu. Inda aka rasa fahimta kuma, a nan rigimar na sama da na ƙasa take. Indiya da Pakistan sai da Bankin Duniya ya shiga tsakani suka raba koguna shida na magangarar Indus a 1960, uku-uku. Masar da Habasha sun yi shekaru suna kai ruwa rana a kan madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011. Duk labarin nan mai fassara ba zai iya ba da shi ba in ba shi da sunan abin da ake rigima a kai.

Wani ƙanena a nan ya ce magangara ai gangare ce kawai, ta gefen hanya ma magangara ce. Gaskiyarka, ƙanena. Amma makaranta ma wurin karatu ce kawai kafin a ɗora mata aji da jarrabawa. In aka jingina ta da sunan kogi, ma'anar ta kama. Ƙanƙantar ma amfani ce, domin abin a cikin juna yake: magangarar ɗan rafi tana cikin ta reshe, ta reshe tana cikin ta babban kogi. Kogi bai ƙi yayyafi ba.

Tunda muna kai, akwai laƙabin da Turawa ke yi wa tsaunuka irin Himalaya da Futa Jalon, wanda na ga ana juya shi hasumiyar ruwa. Hasumiya ta kiran salla ce da hangen nesa, ba ta ajiya ba. Abin da dutse ke yi shi ne ya tara dusar ƙanƙara da sanyi ya sake ta da zafi, ya ɓoye na damina ya fitar da rani. Wannan aikin rumbu ne. A ce rumbun ruwa.

Dattijon nan ya dawo da tambayar da ta fi kowace kaifi: to ruwan da ba ya zuwa teku fa? Kogin Okabango yana tasowa a tsaunukan Angola ya ƙare a cikin yashin Kalahari, Kogin Volga kuma a Tekun Kasfiyan yake tsayawa, wanda ba shi da mafita. Ranka ya daɗe, a nan ne ma na ƙara yarda da kalmar, don ba ta ce sai an kai teku ba. Magangarar Okabango, magangarar Tafkin Chadi, duk sun zauna daram.

Na gwada su a jimla ɗaya na karanta da ƙarfi: wani sashe na iyakar Kwango da Zambiya ya bi marabar ruwa, arewa magangarar Kogin Kwango ce, kudu ta Zambezi. Harshe bai sarƙe ba. Jam'i kuma magangaru na sa, kamar makarantu da ma'aikatu, ko da yake Hajiya ta ce ita magangarai ta fi yi mata daɗin ji, kuma har yanzu ba ta janye ba.